Injiniya da Kyamara Marar Madubi

Shagona na kafinta yana kallon ƙofar gidan Injiniya, don haka duk abin da zai same shi sai ya biyo ta kaina. Injiniyancinsa a suna ya tsaya. Akawu ne a ofishin ruwa har ya yi ritaya. Sunan ya same shi ne ranar da ya kwance fankar ofishinsu zai gyara, ya mayar da ita ta koma zuƙar iska maimakon busowa, takardun kan tebur suka riƙa tashi sama ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikinsa suka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa na sassaƙa masa a allo ya kafa a ƙofa.

Matarsa, Malama, ita ce shugabar firamaren da ke ƙarshen layinmu. Shekara talatin da huɗu tana riƙe da alli. Rabin mutanen unguwar nan sun taɓa durƙuso a gaban ofishinta, har da ni. Da lokacin ajiye aikinta ya zo, makaranta ta shirya mata taron ban kwana, kwamiti ya yi magana da wani mai hoto da ke bakin kasuwa.

Ina goge ƙafar kujera Injiniya ya faɗo shagona.

"Kafinta, ka ji abin kunya? Ina raye, wai wani ƙato zai zo ya ɗauki hoton matata."

"Sana'arsa ce, Baba."

"Da wace kyamara? Mai madubi. Duniya ta bar madubi tuni. Na ga bayanin a waya, minti goma sha ɗaya, na kalla har sau biyu. Na riga na je na sallame shi."

Malama ta ji labarin a ranar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba. Ta tsaya a ƙofar gida ta ce masa mahaifiyarta za ta zo daga nesa duk da ciwon ƙafa, yayanta zai zo, 'yan ajinta na farko da suka yi furfura za su zo, kuma taron nan sau ɗaya ake yin sa.

"Shi ya sa ba zan bar shi a hannun ɗan koyo ba," in ji Injiniya.

Washegari ya sayar da babur ɗinsa, ya ce in rufe shago in raka shi, don yana bukatar wanda zai shaida yadda ake ciniki da ilimi.

Mai shagon kyamarorin mace ce mai haƙuri, da tabarau rataye a wuya. Ta jera masa guda uku a kan kanta.

"Wannan allon da ke kama haske a cikinta babba ne, tana gani ko a ɗaki mai duhu. Wannan ƙarama ce, ba nauyi, ta dace da mai farawa. Wannan kuma ta fi ƙarfi a bidiyo. Me za ka ɗauka, Baba?"

"Tarihi."

"A ɗaki ko a fili?"

"Wacce ta fi maɓallai?"

Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga maɓallai da yatsa. Ta uku ta ci da rinjaye biyu. Ya rungume ta, sannan ya sunkuyo kan kanta ya rage murya.

"Tunda an cire madubin, sai a cire mini kuɗinsa."

"Ba cirewa aka yi ba, Baba. Ba a sa ba ne tun farko."

"To ina suka kai shi?"

"Babu shi."

"'Yata, abin da babu ba a sa masa suna a jikin kwali. Ki duba sito."

Ta ce ko a kamfanin ma babu. Ya kalle ni ya kanne ido, wai ya gano su amma ya yafe. Da ta tambaye shi wane gilashi za ta haɗa masa, ya ce idonsa garau yake, bai taɓa sa gilashi ba kuma ba zai fara yanzu ba. Ta fara bayanin cewa gangar jiki daban, gilashin da ake ɗaurawa a gaba daban, ya ɗaga mata hannu.

"Na san dabarar 'yan kasuwa. Ka zo sayen riga a haɗa maka da hula."

Muka dawo gida a ƙafa. Ya tara maƙwabta, ya cire murfin gaba, ga rami ya bayyana. Ya leƙa ramin, ya hura masa iska, ya saita Tela, wanda shagonsa ke manne da nawa, ya danna. Hoton ya fito fari fat. Ya ɗauki mai aski, fari fat. Ya ɗauke ni, fari fat.

"Ina nake?" in ji Tela.

"Kana ciki. Hasken layin nan ne ya yi mata yawa."

"Mai aski ma haka ya fito. Ta ina za a bambance mu?"

"Naka ya fi kauri."

Da safe muka koma shagon. Mai shagon ta ɗauko wani ɗan gilashi kamar kofin shayi ta ajiye. Ta ce wannan shi ne na taro a ɗaki, yana buɗewa ya ɗauki jama'a duka, yana kuma matsowa ya ɗauki fuska ɗaya. Injiniya bai ko dube shi ba. Idonsa na kan wani farin abu a saman kanta, tsawonsa ya kai hannuna, bakinsa kamar na bokiti.

"Wancan fa?"

"Na masu ɗaukar tsuntsaye ne da wasan ƙwallo. Sai mutum yana can nesa, kamar daga nan zuwa tasha."

"Madalla. Dama ba na son a riƙa matso mini."

"Baba, a ɗaki hanci kawai za ka gani."

"Ke ce za ki ga hanci. Sauko da shi."

Ta sauko da shi da hannu biyu. Ta ce aƙalla ya haɗa da ɗan makirfon da ake maƙala wa mai jawabi a riga, don na jikin kyamarar abin da ke kusa da ita kawai yake ji.

"Abin da ke gani daga nesa zai ji daga nesa," in ji Injiniya. "Ido da kunne a kai ɗaya suke."

Ni na saɓo gilashin a kafaɗa har gida. A hanya wani ɗan sanda ya tsayar da mu sai da ya leƙa ciki.

Kwana uku aka yi ana gwaji a layinmu. Tela ya sa sabuwar riga ya tsaya a ƙofar shago. Injiniya ya saita, ya ce ya yi kusa da yawa, ya ja baya. Ya ƙara ja. Ya tsallake titi da baya, mai keke ya kauce masa ya shige cikin tulin katakona. Ya ci gaba da ja har ya shiga shagon mai aski da baya, ya zauna a cinyar mutumin da ake wa gyaran fuska. Daga nan ya danna.

"Ba ta yi ƙara ba," in ji shi. Ya sake dannawa, ya riƙe maɓallin yana jijjiga ta. Ashe irin su shiru suke ɗauka, kuma muddin yatsa na kai ba sa tsayawa. Da muka duba, hotuna ɗari huɗu da wani abu, duka na wani baƙin kogo mai ciyawa a baki.

"Wannan ina ne?" in ji Tela.

"Hancinka ne. Na hagu."

Tela ya daɗe yana kallo. Ya wuce wurin mai aski.

A rana ta biyu Injiniya ya zauna ya danna kowane maɓalli, ya ce kuɗinsa ya biya, babu wanda zai zauna ba aiki. Daga nan wani ɗan hoton tsuntsu ya fito a kusurwar allon ya ƙi tafiya. Na ce masa na ji mai shagon ta ce kyamarar tana neman ido da kanta, kuma ana zaɓa mata ko na mutum, ko na dabba, ko na tsuntsu.

"Alamar gudu ce," in ji shi. "Tana nufin yanzu tashi take yi."

Tun daga ranar kyamarar ta daina kula mutane. Ya saita matar mai aski, ta kama zakaran da ke bayanta. Ya saita mai kayan miya, ta zarce ta kama shaho a sama. Injiniya ya ce mutanen layinmu ne ba su da fuskar hoto.

Ranar taro ya fito da wata riga mai aljihu goma sha biyu da ya sa Tela ya ɗinka masa. Ni ina biye da sandar kyamara mai ƙafa uku da lema. Ɗakin taron makarantar ya cika. Malama na zaune a kan dandamali cikin farin mayafi, Inna mahaifiyarta a damanta, Yaya a hagunta, ga jami'in ilimi da shugaban iyayen yara.

Injiniya ya shiga ta tsakiya. Ya juya ya gaida jami'in ilimi, gilashin ya ture hular shugaban iyayen yara. Ya juyo ya ba shi haƙuri, gilashin ya kwashe butar furen kan tebur. Ya kafa sanda a gaban dandamali ya leƙa.

"Me kake gani, Baba?"

"Maɓallin rigar Yaya. Mu ja baya."

Muka ja zuwa tsakiyar ɗaki, ya ga kunne. Muka ja zuwa bango, ya ga kunne da rabin kunci. Muka fita ƙofa. Muka tsallake filin da yara ke layi da safe, yana tafiya da baya ido a kyamara, ina ja masa gora kamar mai fitar da tirela daga lungu. Muka wuce ragar ƙwallo. Sai da bayansa ya bugi ƙarfen da aka ɗora tankin ruwan makaranta a kai ya tsaya.

"Sama," in ji shi.

Muka hau tsani, shi da shekara sittin da bakwai da aljihu goma sha biyu. Daga saman tankin ana hango dandamali ta wata doguwar taga. Ya leƙa ya yi murmushi.

"Ga su nan duka. Ka ga abin da ilimi ke yi."

A bakin tagar akwai wata tattabara tana gyara fiffike. Ban kawo komai a raina ba.

Awa biyu muka yi a sama. Ba ma jin ko kalma ɗaya daga jawaban, sai dai mu ga tafi. Rana ta take, wata jar alama ta fito a allo, kyamarar ta yi zafi kamar dutsen guga. Injiniya ya ce zazzaɓin sabunta ne. Ya buɗe murfin tanki zai jiƙa hankici, hularsa ta faɗa ciki. Na riƙe lema da hannu ɗaya, ina yi wa kyamara fifita da takardar shirin taro da ɗayan. Don kada barci ya ɗauke mu mu faɗo, muka yi ta hira.

Da aka fito hoton haɗin gwiwa, mutum sama da ɗari biyu suka jeru a gaban ɗakin taro suna neman mai hoto. Wani ya hango mu. Injiniya ya yi ta ihu a matsa hagu, babu mai ji. Ya cire rigar aljihun yana kaɗawa. Jama'a suka ɗauka cewa yake su zo, suka taho gaba ɗaya har gindin tanki, Inna a tsakiya ana riƙe da ita.

"Ku koma," in ji shi. "Kun yi kusa."

Suka koma. Sau biyu aka yi haka. A na uku Yaya ya ce ko Injiniya ya danna, ko shi ya hau ya sauko da shi.

Bayan an sha lemo, Injiniya ya sanar cewa kafin a watse za a nuna aikin a majigin makaranta. Malamin lissafi, wanda ke kula da na'urar, ya ce ya kamata a fara dubawa a ofis.

"Ɗan koyo ke duba aikinsa," in ji Injiniya. "Kunna."

Aka ja labule, kowa ya zauna. Hoto na farko ya cika bango: tattabara. Kowane gashi a fiffikenta ana iya ƙirga shi, idonta ja kamar ɗan kunne. A bayanta akwai wani farin gajimare, da wasu gizagizai masu duhu a gefe.

"Farin can Malama ce," in ji Injiniya. "Wuce."

Tattabara ta juya hagu. Tattabara ta juya dama. Tattabara ta ɗaga ƙafa. Malamin lissafi ya duba ƙasan allo ya ce saura dubu uku da ɗari shida. A hoton haɗin gwiwa tattabarar ta tashi, kyamarar ta bi ta, sai saman kan Yaya kawai ya shigo daga ƙasa.

"Allah ya yi halitta," in ji Inna. "Ta wace ce?"

"Hotuna share fage ne," in ji Injiniya. "Aikin yana cikin bidiyo. Ƙara murya sosai, don Inna."

Malamin lissafi ya ƙure lasifika. Tattabara ta dawo bango, wannan karon tana motsi. A bayanta wani gajimare mai faɗi ya miƙe zai yi jawabi. Sai murya ta cika ɗakin, garau, kamar mai maganar na zaune a kunnen kowa.

"Ka ga tumbin jami'in nan, Kafinta? Kujerun aji uku ne a ciki."

Sai wata murya, wadda na gane tun kafin ta gama: "Haka ne, Baba."

Jami'in ilimi ya ja babbar rigarsa ya rufe ciki. Na fara zamewa ƙasa a kujera.

"Ga Yaya can. Gashin nan da man goge takalmi yake baƙanta shi. Ranar da ruwa ya dake shi sai da ya ɓata mana matashin kujera."

"Haka ne, Baba."

Yaya ya kai hannu kansa, ya duba tafinsa, ya mayar aljihu.

Injiniya ya yi tsalle wajen na'urar. Aljihun rigarsa ya maƙale a hannun kujera ya dawo da shi zaune. Muryarsa ta ci gaba da fita daga lasifika.

"Tela kuwa, aljihu goma sha biyu na ce, uku babu baki. Mutumin da hancinsa ya fi shagonsa faɗi."

Muryar ta ƙara: "Inna ta zo da jaka uku. Wannan ba zuwan kwana biyu ba ne, Kafinta. Mun shiga uku."

"Wannan na ji shi sarai," in ji Inna.

Sannan muryata ta fito ita kaɗai, babu wanda ya tambaye ni: "Shugaban iyayen yara ma barci yake, Baba. Da ido buɗe yake yi, tun muna yara."

Shugaban ya farka ya tambayi na kusa da shi me aka ce.

Malamin lissafi ya kai hannu zai kashe. Malama ta ɗaga yatsa ɗaya daga inda take zaune.

"Bar shi."

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Shi ma ɗalibinta ne.

A bango farin gajimaren ya miƙe. Nan ne wurin jawabinta, wanda aka ce ya sa manyan mutane share hawaye. Tattabara na sosa wuya. Aka ji Injiniya ya gyara murya a saman tanki.

"Ka ga yadda suke tafi? Jawabin nan ni na rubuta mata, kalma da kalma. Da ba don ni ba, matar nan ko sunayen 'yan aji ba za ta iya kira ba."

Aka ji ƙarar fifita. Aka jira. Allah ya taimake ni, a wannan karon ban ce haka ne ba.

"Yanzu kashe," in ji Malama.

Aka buɗe labule. Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta ɗauki makirfon dandamali.

"Jama'a, kun ga dai jawabina bai shiga ba. Amma mun yi sa'a, wanda ya rubuta shi yana nan. Zai hawo ya maimaita mana, duk mai waya ya ɗauka, don in samu abin ajiyewa."

Injiniya ya ce makogwaronsa ya bushe. Yaya ya kawo masa ruwa da kansa, ya kama shi a hannu ɗaya, Tela ya kama ɗayan, suka raka shi har dandamali da ladabi. Wayoyi sama da ɗari biyu suka tashi sama. Malama ta miƙa masa makirfo, ta koma gefe ta harɗe hannu, irin tsayuwar da duk wanda ke ɗakin ya sani.

"Muna jin ka. Daga farko."

"Assalamu alaikum," in ji Injiniya.

Aka amsa masa baki ɗaya.

Ya dubi rufi. Ya dubi ƙasa. Ya laluba aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, har da ukun da ba su da baki.

"Kamar yadda na rubuta," in ji shi, "ilimi... abu ne."

"Ci gaba."

"Abu ne mai... wato shi ilimi, idan aka cire masa madubi..."

"Ban faɗi haka ba. Sake daga farko."

Ya sake sallama, aka sake amsawa. Ya neme ni da ido a cikin jama'a.

"Kafinta ya san wani ɓangare."

"Kafinta na nan tafe," in ji Malama, ba ta ko waiwayo ba. "Shi zai yi bayanka."

Zufa ta jiƙa rigar har aljihu na ƙasa. Injiniya ya canza ƙafa, ya sake canzawa. Can sai muka ga hannunsa na dama yana tashi a hankali, ya tsayar da yatsa ɗaya a sama.

"Malama, zan iya fita?"

Ta dubi agogon hannunta.

"Sai an kaɗa ƙararrawa."